Ƙofar Otal ɗin Tungar Tsakuwa

Da hantsi Hajiya Mariyam ta iso komisariyar 'yan sandan Maradi tana huci. An sace babbar ƙofar otal ɗin da ta gada a Tungar Tsakuwa, bayan Jiratawa, kuma ta riga ta yanke hukunci: maigadinta ne, tsoho Sallau. Aka tsare shi.

Insifekta Ilyasu bai cika son ƙarar da ta zo da ɓarawonta a hannu ba. Ya shiga mota ya tafi Tungar Tsakuwa.

A da garin cike yake da masu haƙar tsakuwa. Da kamfanin tsakuwar ya tashi, kowa ya kama gabansa, aka bar otal ɗin da jemagu da Sallau, wanda ba shi da wani wurin kwana a duniya.

Ilyasu ya duba gurbin ƙofar. Ba a ɓalle ta ba, kwance ta aka yi. Kowane ramin ƙusa kuma an toshe shi da ɗan itace don kada gara ta shiga. Ɓarawon da ke tausayin katako, ai kafinta ne.

Sallau ya rantse bai ga kowa ba, yana magana yana kallon ƙasa. Ita kuwa Hajiya, da aka matsa mata, ta ce ta yi cinikin ƙofar da wani mai gidan burodi, zai faskara ta ya hura wuta. Wa ta tura ya duba ta kafin ciniki? Ɗanliti, kafintan Tibiri.

Da Ilyasu ya same shi a shagonsa, Ɗanliti ya ce rabonsa da Tunga tun ranar da ya duba ƙofar. Ilyasu bai yi musu ba. Ya nuna wani benci a shagon, ramukansa a toshe da irin itacen nan.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Babana."

"Wa ya sassaƙa ƙofar otal?"

Ɗanliti ya je ya ɗaga tabarma a bayan shago, ga ƙofar, ta sha mai tana sheƙi.

"Ita kaɗai ta rage cikin aikin babana, ranka ya daɗe. Baba Sallau ya gan ni, ya rufa mini asiri. Ku sake shi."

Ilyasu ya ji tausayinsa, amma ya tasa shi gaba zuwa mota. Ɗanliti ya waiwayo.

"Don Allah in za ku ajiye ƙofar, kada ku jingina ta da ƙasa. Akwai gara."