Cefanen Mako a Rana Ɗaya

Tun da Gwaggo ta turo wani hoto daga ƙasar waje, Auta ta kasa zama wuri ɗaya. A hoton, 'yar Gwaggo ce ke tura keken kanti, an cika shi taf da kayan abinci.

"Mama, dubi yadda mutane ke cefane! Mu kullum tumatir biyar, albasa biyu. Abin kunya!"

"Su daban, mu daban," in ji Mama. "Miƙo min wuƙa."

Ita Auta akwai gaggawa. Ko ruwa take sha, ƙafarta ɗaya na bakin ƙofa.

Ranar Asabar Mama ta gurɗe a ƙafa. Ta ba Auta kuɗin cefanen mako duka.

"Kullum ki sayo na ranar kawai. Kin ji ko?"

"Na ji, Mama."

Ta ji, amma a kunne ya tsaya. Tana shiga kasuwa ta nuna kwandon tumatir guda, ta ce a ɗaure mata.

"'Yata, taro za ku yi a gida?" in ji mai tumatir.

"A'a. Haka ake yi a ƙasar waje."

Ta ƙara damin alayyafo da ɗanyen kifi, har kuɗin suka ƙare. Da Mama ta ga kayan, sai ta riƙe baki. Firjinsu ƙarami ne, kifin ma da ƙyar ya shiga. Sauran aka tura ƙarƙashin tebur, ga gari da zafi.

Auta ta yi ta zarya tana leƙen kwandon. Washegari alayyafo ya yi yaushi. Rana ta uku tumatir ya fara ruwa, ƙudaje suka cika ɗakin girki.

Yayanta ya toshe hanci. "Kai, ƙasar waje ta fara wari!"

Auta ta fashe da kuka. Saura kwana huɗu, kuma ba su da abin miya. Tsoro ya kama ta sosai.

Mama ta kira Gwaggo a waya, ta miƙa wa Auta.

Da Gwaggo ta ji abin da ya faru, sai ta yi dariya. "Haba 'yata! Mu kantinmu da nisa, sau ɗaya nake samun zuwa a mako. Ga sanyi, ga ƙaton firji. Da ina da kasuwa a bayan gida kamar ku, wa zai gan ni da wannan jibgi?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Mama, ki yi haƙuri."

"Share hawayenki. Ɗauko roba."

Suka tsince tumatir masu kyau, kusan rabin kwando. Aka markaɗa, aka tafasa har ya yi kauri, aka ɗura a kwalabe. Da shi suka yi miya har ƙarshen mako, ba wanda ya kwana da yunwa.

"Kowane gida da irin cefanen da ya dace da shi," in ji Mama. "Kafin ki kwaikwayi mutum, ki fara tambayar dalilinsa."

Auta ta gyaɗa kai. Wannan karon maganar ta shiga har zuciya.