Mai Ƙosan Kifi da Ɗan Wasan Igiya

Ranar Lahadi kasuwar Saint-Denis da ke gefen Paris babu masaka tsinke. Ludivine na gaban kasko tana tsame ƙosan kifi, mahaifiyarta Madam Ghislaine tana sallamar mutane, sai ga wani siririn saurayi ya iso da keke saɓe a kafaɗa.

"A zuba min yajin nan da yawa," in ji shi.

"Na garinmu Guadeloupe ne fa," ta ce. "Ba na yara ba ne."

"Ni na yi miki kama da yaro?"

Loma ɗaya ya kai, hawaye suka wanke masa fuska. Garin tari takardar da aka zuba masa ƙosan a ciki ta suɓuce, ƙosan suka yi sama. Kafin su taɓa ƙasa ya cafe su, ya shiga wulla su yana tarewa, yana kuka yana dariya. Layin gaba ɗaya ya ɗauki tafi. Ludivine ta yi dariya har mai ya kusa ƙonewa.

Sunansa Corentin. Ɗan wasa ne a babban tantin wasannin nan na bakin layin dogo, sana'arsa tafiya a kan igiya. Da zai tafi, lambarta na rubuce a bayan hannunsa.

Da yamma saƙo ya shigo: "Barkonona, har yanzu harshena bai dawo ba. Ke kika jawo, ke za ki yi jinya. Litinin, tashar jirgi."

Ta amsa: "Raggo. Zan zo da madara."

Daga nan kowace Litinin, ranar da ba a cin kasuwa, ta zama tasu. Ba su taɓa tsallakawa cikin Paris ba, wa zai je ya matsu da 'yan yawon buɗe ido? A Vitry suka bi bango bango suna musu a kan zane-zanen da aka yi a jikinsu. A Montreuil suka ci shinkafa da miyar gyaɗa a wajen 'yan Mali, ya sha ruwa ya fi abincin yawa. A lambun Sceaux, lokacin da itatuwa suka yi fure ja-ja, ya hau kan jinginar benci ya yi ta tafiya da baya yana zuba mata surutu.

"Sauko, tsuntsuna, kafin mai gadi ya kore mu!"

"Sai kin ce kina so na."

"To ka kwana a nan."

Ta faɗa dai, a hankali, tana kallon takalminta. Ya yi wata irin alkafura da ta sa wata tsohuwa sakin igiyar karenta.

Ranar da ta kai shi gida, komai ya tafi daidai har aka zo kan sana'a. Madam Ghislaine ta ajiye cokali.

"Igiya? A sama?"

"Eh, Madam. Amma akwai..."

"Mijina Firmin ma cewa ya yi akwai. Daga saman gini ya faɗo, yarinyar nan ba ta ma shiga makaranta ba. An kira ni ina tsakiyar suya." Ta miƙe. "Ba ni da komai da kai, ɗan nan. Amma 'yata ba za ta zauna jiran irin wayar da na amsa ba."

Corentin ya fita jiki a sanyaye. Cikin makon sai ga Fabrice, ɗan ƙawar Mama ta coci, direban bas, mai hankali da albashi. Kullum shi ke zuwa kwasar kayan rumfa, Mama na ta zuba masa albarka da ƙarfi don wata ta ji. Wata Lahadi Corentin ya hango Ludivine zaune a gaban motar Fabrice. Bai san kasko da tukunyar gas ne suka cika bayan ba.

"Na ga kin samu mai tafiya a ƙasa. Ina taya ki murna," ya rubuto.

Ta karanta a kicin, ranta ya ɓaci. "Ashe ban da raggon baki har raggon zuciya ne kai? Fabrice kasko yake ɗauka, ni kuma kai nake jira."

Wayar ta yi ƙara nan take.

"Zan bar igiyar, Ludivine. Gobe zan gaya musu. Kawuna yana neman mai taya shi a garejinsa."

"Ka bari in ga wadda za ta aure ka! Ni na ga fuskarka in kana sama. Ba zan zauna da mutumin da na kashe wa rai ba."

"To Mama fa?"



Amsar ta zo da bazara. Aka shirya bikin unguwanni a babban lambun La Courneuve, Madam Ghislaine ta samu rumfa a bakin tafki. Sai da suka gama jera kaya ta ɗaga kai ta ga igiya an ja ta daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Kin sani," ta ce wa 'yarta.

"Na sani, Mama."

Kiɗa ya tashi. Corentin ya fito can sama da doguwar sanda, igiyar tsaro ɗaure a ƙugunsa. Madam Ghislaine ta juya baya, wai ita suya ta zo yi. Amma da jama'a suka ja numfashi lokaci guda, ta waigo. A tsakiyar tafkin yake, ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Ta damƙi hannun Ludivine har sai da ya yi zafi, bakinta na ta addu'a da harshen garinsu. Da ya taka ɗaya gaɓar, ihunta ya fi na kowa.

Ya iso rumfar yana haki. Ta zabga masa tsumma a kafaɗa.

"Mara tausayi! So kake ka kashe ni?"

"Madam, ki ara min hannunki kaɗan."

A gefe akwai ƙaramar igiya ta yara, tsayinta bai wuce gwiwa ba. Ya nuna mata yadda ake ɗaure ta, wa ke dubawa, wa ke sake dubawa, da yadda shi kansa ba ya hawa sai ya bi kowane ƙulli da hannunsa. Sannan ya ce ta hau.

"Ni? Da wannan jikin?"

"Mama, hau mana!" in ji Ludivine. Masu jiran ƙosai suka ɗauka: "Madam! Madam!" Har Fabrice na ciki.

Ta tuɓe takalmi, ta tattare siket, ta kama hannunsa. Igiyar na rawa, tana salati irin nasu, tana zaginsa, tana takawa. Da ta kai ƙarshe ba ta saki hannun ba. Ta daɗe tana kallonsa, idonta ya ciko.

"Tsoron ba zai bar ni ba, ka sani."

"Na sani."

"Duk ranar da ka sauko, ni za ka fara kira. Kafin ita."

"Na yi alkawari, Mama."

Ludivine ta yi tsalle ta rungume su duka biyu, su ukun suka zube a ciyawa.

A farkon kaka aka ɗaura auren a ofishin magajin gari. Fabrice ne ya tuƙa motar amarya, yana ta danna oda har bakin kogin Marne inda aka yi walima. Dangin ango suka zo daga Bretagne da kaskon wainarsu, dangin amarya suka zo da ganguna, 'yan tanti suka shigo a kan dogayen sanduna yara na bin su da gudu. Aka ci, aka yi rawa har takalma suka taru a ƙarƙashin tebura.

Da rana ta yi sanyi Madam Ghislaine ta sa aka tsayar da kiɗa. Ta ɗora hannu ɗaya a kan 'yarta, ɗaya a kan surukinta.

"Firmin, ga 'yarka na kai ta," ta ce. "Ku kuma Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka, ya sa ku tsufa tare, ku ga jikokinku."

Wurin ya amsa da amin. Ta share ido, ta juya wajen makaɗa.

"To me kuke jira? Ango, zo nan, rawar farko tawa ce."