Nasihar Malam Attaher Ba Ta Shiga Salula Ba

Badariyya na tsakar gida tana tankaɗen lallen bikinta sai ga Hafsatu, ƙanwar angonta Fahad, ta yi sallama da salula a sama, wai shirye-shirye take ɗauka. Hafsatu kuwa ko atishawa aka yi a Matameye sai 'yan Damagaram sun gani a shafinta. Jin muryarta ke da wuya, Malam Attaher, mahaifin amarya, ya ja sandarsa ya shige ɗaki ya saki labule.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta karkata masa baki, wani ɗan'uwa ya ɗauke shi bidiyo a gadon asibiti ya watsa wai a taya da addu'a, Malam ya daina fita cikin mutane. Mutumin da ko 'yar maƙwabta za a kai ɗakin miji sai an kawo masa ita ya yi mata nasiha, ga shi ya ce nasihar tasa 'yar kuwa, ƙanensa ne zai yi ta. Wannan ke cin ran Badariyya, ba lefe ba, ba anko ba.

Da yamma ta faɗa wa Fahad tana hawaye cewa ƙaramin biki take so, dangi kawai, kuma ban da ɗaukar hoto, ko Baba zai yarda ya fito. Fahad ya kai maganar gida, gida kuwa ya ɗauki zafi. Mahaifiyarsa Hajiya Tata ta ce ɗanta na fari ba za a yi masa aure a ɓoye ba, mutane su ce wani abu ake rufewa. Gwaggonninsa na garin Ɗan Barto suka ce amarya ta fara mulki tun ba ta tare ba. Hafsatu har da kuka, ta riga ta yi wa mabiyanta alkawari.

Fahad bai yi musu da kowa ba. Ya dai lallaɓa Hajiya ta raka shi gaida Malam. A can ta ga dattijon yana amsa gaisuwarta bakinsa rufe da jelar rawani, idonsa na kan jakarta ko za ta ciro waya. Suna isowa gida ta ce a yi yadda amarya ke so.

Ranar biki Hajiya Tata da kanta ta kafa kujera a bakin zauren gidan amarya, da faifai a cinya.

"Kowa ta aje salularta nan. Har ke, Hafsatu, kar ki kalle ni."

Sai ga tsofaffin da suka daɗe da barin rawa don tsoron a watsa su sun ci ɗamara sun shiga fili. Hafsatu ta rasa yadda za ta yi da hannuwanta, ƙarshe ita ta karɓe kiɗan ƙwarya, ta fi kowa shewa.

Bayan la'asar aka lulluɓe amarya aka durƙusar da ita a ƙofar ɗakin mahaifinta. Sai ta ji ƙarar sanda. Malam ya fito tsakar gida, fuskarsa a buɗe, ya dafa kanta. Maganar na fita da ƙyar, amma kowa ya ji.

"Badariyya, ki riƙe yaron nan da kyau. Wanda ya rufa wa ubanki asiri ba zai tona naki ba."

Ta rungume ƙafafunsa tana kukan daɗi, Hajiya Tata na share nata hawayen da gefen mayafi.

Haƙurin Badariyya da Fahad bai faɗi ƙasa ba. Ba kowane farin ciki ake nuna wa duniya ba. Wani sai an rufe ƙofa sannan masu shi ke samun sa.