Ranar da Afra Ta Fita Goge Allin Bikinta

Afra ta tsoma tsumma a bokiti. Ƙofar Gwaggo Notburga ce ta farko, a garin Chieming, ga zanen alli nan a jikinta: fure, ranar ɗaurin aure, da sunaye biyu, Afra da Quirin.

"Kafin ki taɓa min ƙofa, sai na ji dalili," in ji Gwaggo, ta riƙe ƙugu.

"Ba mu daidaita ba ne, Gwaggo..."

"Shekara huɗu kuna soyayya, sai da ya rage sati uku biki kuka gano ba ku daidaita ba? Yarinya, na girmi wannan ƙaryar."

Afra ta sunkuyar da kai, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Mu nan bakin tafkin Chiemsee, gidan da ya san kansa ba ya gayyar biki da kati. Tsoho Wastl mai gayya ne yake zagayawa da doguwar sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya rera gayyar, ya zana fure da alli, matar gida ta ɗaura masa siririn ƙyalle mai launi a sandar, alamar za su zo. Gida goma sha biyu ya zaga wa Afra, ƙyalle goma sha biyu ya kawo. Yau ga sandar a hannunta, aikinta ta goge allin kowace ƙofa, ta mayar wa kowace mata ƙyallenta.

Ba wanda ya ja mata sai bakinta.

Sati biyu da suka wuce ta kwaso abokan aikinta daga ofishinsu na birnin Munich, ta ce za ta zaga da su tafkin garinsu. Suka ga fadar tsohon sarki, suka sha hotuna, jirgin ruwa ya sauke su a tsibirin Fraueninsel daidai lokacin da masunta ke bandar kifi. Hayaƙi ya turnuƙe, 'yan birni suka toshe hanci suna dariya. Wata ta ɗaga waya tana ɗaukar hoton wani dogon saurayi mai rigar roba, ɓawon kifi har gwiwar hannunsa.

Quirin ne.

Ya hango Afra, fuskarsa ta washe, ya ɗaga hannu. Shugabar ofishin ta juyo ta tambaye ta ko ta san shi. Afra ta cusa hannunta mai zoben baiko cikin aljihu.

"Wani ne da muke sayen kifi a wurinsa."

Maganar ba ta da ƙarfi, amma ta isa kunnensa. Ya naɗe kifi a takarda ya miƙo mata da hannu biyu, ya ce, "Ga kifinki, Madam." Gundi kuwa, mai sayar da tukwanen ado a rumfar da ke gefe, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Quirin, ta kwashe komai a kunnenta. Kafin rana ta faɗi labarin ya riga jirgi zaga tafkin. Washegari Quirin ya aiko Wastl da sanda da saƙo: an fasa.

Baban Afra, mai otal a Prien, ko a jikinsa. Dama bai taɓa son suruki masunci ba, ya ce a tura wa mutane saƙo ta waya kowa ya huta. Kaka Zenzi ce ta buga sandarta a ƙasa ta ce ba a gidanta ba. Gayyar da aka kai da ƙafa, da ƙafa ake janye ta, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ita da kanta ta miƙa wa jikarta bokiti da tsumma, ta raka ta har tashar jirgi.

Shi ya sa Afra take tsaye a gaban Gwaggo Notburga, maƙwabta na leƙe ta tagogi.

"Ina jin ki," Gwaggo ta ce.

"Na... na ƙi shi a gaban mutane. Na ce ban san shi ba sai a sayen kifi."

"To yanzu kika yi magana. Goge."

Ta goge, hawaye na ɗiga cikin bokitin. Gwaggo ta karɓi koren ƙyallenta, ta cusa mata burodi da cuku a jaka, ta ce kunya ba ta hana cin abinci.

Daga nan Afra ba ta sake gwada ƙarya ba. Gida uku a Chieming har da na Gwaggo, huɗu a Seebruck, duk ƙofar da ta tsaya sai ta faɗi abin da ta yi da bakinta. Ta ɗauka maimaitawa za ta rage zafin, ashe ƙaruwa yake. Wata ta yi tsaki, wata ta rungume ta, kuma rungumar ta fi tsakin ciwo. Kawu Alois, wanda ya koya mata iyo tana ƙarama, bai yi faɗa ba. Ya dai tuna mata cewa kuɗin makarantar uwarta daga tarun kamun kifi ya fito, sannan ya juya ya shige gida.

A cikin jirgi abin ya fi muni. 'Yan yawon buɗe ido sun cika benci suna nuna duwatsu masu farin kai saboda ƙanƙara, suna nuna kwale-kwale masu filafilai, da suka ga budurwa da sanda mai ƙyallaye sai suka ɗauka amarya ce. Wata dattijuwa har ta taya ta murna, ta roƙi su yi hoto. Afra ta yi yaƙe ta tsaya, zuciyarta na ƙuna. Ma'aikatan jirgin, waɗanda suka san komai, suka kau da kai.

Ƙarfe huɗu ta gama da gidaje huɗu na Gstadt. Ƙyalle ɗaya ya rage a sandar, ja, na Mama Stasi, mahaifiyar Quirin. Afra na jiran jirgin tsibiri sai ga Gundi ta sha ado, riƙe da farantin kek.

"Ayya, 'yar birni! Sannu da aiki. Wai har tsibiri za ki?"

Afra ta juya tana duban hanyar jirgi.

"Da kin hutar da kanki, ƙawata. Tun ranar ya wanke ƙofarsu tas da sabulu, a gabana aka yi. Ba ya son ko jin sunanki. Kawo ƙyallen in kai wa Mama, dama can za ni."

Ta miƙo hannu.

Gaskiya Afra ta so ta ba ta. Ƙafafunta sun gaji, idanunta sun kumbura, ga jirgin Prien can yana shirin tashi, awa ɗaya ta kai ta ɗakinta ta rufe ƙofa. Tsayawa gaban uwar da aka wulaƙanta wa ɗa ba abin wasa ba ne. Amma in ta juya yau, ta san ta rasa Quirin ke nan ba tare da ya ji ban-haƙuri daga bakinta ba.

"Ita ta ɗaura, ita zan miƙa wa," ta ce a hankali.

Gundi ta taɓe baki. Da jirgin ya iso tsibiri, ita da kek ɗinta suka bi wata hanyar daban.

Gidan su Quirin na bayan lambun sistocin coci, taruna a shanye a gabansa. Afra ta ajiye bokiti, ta ɗago kai, sai ta daskare.

Zanen na nan.

Sauran ƙofofin da ta goge, ruwan sama ya riga ya taya ta rabin aiki. Wannan kuwa fari ne fat, an bi shi da alli a kan alli har ya yi kauri. Kuma ba hannun Wastl ba ne. Furen ya karkace kamar kabeji, sunanta ya fi komai girma.

"Kullum sai Quirin ya sake bin sa da alli kafin ya fita ɗaga taru," wata murya ta ce. "Yana zaton ba na gani."

Mama Stasi ce a bakin taga, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Afra ta buɗe baki za ta gaishe ta, kuka ya ƙwace mata. Tana cikin haka ta ji takun takalman roba a bayanta, takun da ko a mafarki ta san shi.

Quirin ne, ya rame. Bai kalle ta ba, bokitin yake kallo.

"Ƙofa nawa kika goge?"

"Goma sha ɗaya."

"Me kika ce musu?"

"Gaskiya."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya sani, tun hantsi wayar gidan ba ta huta ba, Gwaggo Notburga kaɗai sau uku ta bugo.

"Quirin... ba zan ce suɓul da baka na yi ba. Ranar nan kunyarka na ji, kai da ba ka taɓa jin kunyata ba. Yau kunyar kaina nake ji, kuma ban san inda zan kai ta ba. Ban zo in ce ka aure ni ba. Na zo in ce ka yafe min."

Can bakin tafki ruwa na dukan gindin kwale-kwale.

"Kin san me ya fi ci min rai?" ya ce. "Ba maganar ba. Hannun nan da kika ɓoye."

Ta sa hannu biyu ta rufe fuska. Zoben na nan a yatsanta, ba ta iya cire shi ba.

Ya daɗe yana kallon zoben. Sannan ya sunkuya ya ɗauki bokitin, ya juye ruwan a gindin furannin Mama, ya laluba aljihu ya fito da guntun alli.

"Ban ce na huce ba, Afra."

"Na sani..."

"Wastl ya tsufa, ƙafarsa ba za ta ɗauki zagaye na biyu ba. Ke kika goge, ke za ki sake zanawa. Gobe da safe zan kai ki a kwale-kwalena, gari bayan gari."

Ta karɓi allin.

"In suka ƙi ɗaura ƙyallen fa, masoyina?"

Kalmar ta fito ba shiri. Ya kau da kai, amma ta ga gefen bakinsa ya motsa.

"Sai mu yi bikinmu mu uku, ni da ke da Mama."

"Wa ya ce muku zan zo?" in ji Mama Stasi.

Ta fito tana goge hannu a zanin girki, ta fizgi sandar daga hannun Afra. Ta kama jan ƙyallenta, Afra ta rufe ido tana jiran a kwance shi.

Da ta buɗe, tsohuwar na ƙara masa ƙulli na biyu, tana ja da haƙori.