Alewa Mai Tauraro

Saƙon murya na minti biyu ne ya kashe sana'ar matata. Wata goma sha ɗaya bayan nan muka binne ta.

Ni mai walda ne. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma abin da idona ya gani ba wanda zai gyara mini shi. Shekara goma sha shida matata tana yin alewa mai danƙo, irin wadda yaro zai ja da haƙori ta yi ta miƙewa. Ni na ƙera mata farantin zubawa da hannuna, rami arba'in da takwas, kowanne siffar tauraro. Duk unguwa in ka ga tauraro a leda, ka san daga ɗakin girkinmu ya fito.

Mace ce mai tsoron Allah har abin ya kai ga takura. Abin da ke ba alewa danƙo wani gari ne, jalatin suke ce masa. Akwai na fatar alade, akwai na saniya, akwai na kifi. Kafin ta fara sana'ar sai da ta sa na kai ta wurin malami. Ya ce na alade haram ne, na saniya sai an tabbatar yanka aka yi, na kifi kuwa ba komai. Ta ce to na kifi za ta riƙa saye, ta huta da wasiwasi. Ya fi tsada, ya fi wuyar samu. Duk buhun da ya ƙare sai ta yanke takardar jikinsa ta adana a gwangwanin madara, wai ko wani zai tambaya wata rana.

Ba wanda ya tambaya.

Wata safiya saƙo ya shiga wayoyin mutane. Muryar wani saurayi ce. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Jama'a, ku saurare ni da kunnen basira." Ya ce shi a harkar magani yake, ya san sinadarai, duk alewa mai danƙo da alade ake yin ta. Ya ce ga wata ma a hannunsa, mai siffar tauraro, wadda ake sayar wa yara a ƙofar makaranta.

Cikin kwana uku masu shaguna suka dawo mana da kaya. Wata maƙwabciya da 'ya'yanta suka tashi da alewar nan kyauta ta zo ta zube leda biyu a ƙofar ɗakinmu, ta wanke hannu a famfonmu, ta fita ba sallama. Matata ta ɗauki gwangwanin madara tana bi shago shago tana nuna takardu, ba mai ko kallo. Yara suka sa mata suna Maman Alade. Ta daina fita. Daga baya ta daina cin abinci sosai. Likita ya ce hawan jini ne. Na san ajali ne, ba sai an yi mini wa'azi ba. Amma na san wanda ya tura ta bakinsa.

Fuskarsa ce ban sani ba. Muryar kuwa na adana ta. Kullum in na kashe inji zan ci abincin rana sai na kunna. Shekara uku ina cin abinci da ita.

'Ya ɗaya Allah ya ba mu. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake kiranta. Ita ba ta taɓa yarda ta saurari saƙon ba, ta ce in muryar ta shiga kunnenta ba za ta fita ba. Zancen alewar ma ba ta yi da kowa. In an tambaye ta, sai ta ce hawan jini ya kashe mamanta, ta ja baki.

Ranar nan ta kawo mini abinci wurin aiki, ta ƙi tafiya, tana ta tura guntun ƙarfe da ƙafa.

"Baba, akwai wanda yake so ya zo ya gaishe ka."

"Ƙofarsa ce ta ɓalle ko taga?"

"Baba..."

"To in ba walda ba, me zai gaishe ni a kai?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Mai kemis ɗin can ne na ƙetaren titi babba. Inda nake sayo maka maganin ido."

"Ashe shi ya sa idon ya ƙi warkewa. Kullum a koma."

Ta yi dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun mamanta na da rai. Na ce ya zo.

Ya zo da la'asar. Dogo, mai gilashi, fes da shi. Na nuna masa kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Har na fara jin yaron ya kwanta mini. Sai ya yi gyaran murya sau biyu.

Na san wannan gyaran muryar.

"Baba," ya ce, "ni ba mai dukiya ba ne, amma ina roƙon ka saurare ni da kunnen basira..."

Akwai guduma a ƙarƙashin kujerata. Ina jin ta da dugadugina. Na dube shi, na dubi labulen da Uwata ta laɓe a bayansa, ƙafafunta a waje. Na ce a raina, duka kwana biyu ne ya warke, ga shi ma da magani a shago. Ni so nake ya rasa abin da ba a sayarwa a kemis. Ya so abu har cikin ɓargo, ya sa rai, sannan a ɗauke masa a gaban mutane.

Na yi murmushi. Na ce, "Gida naka ne, ɗana."

Wata bakwai na ba su. Ina zaune a tsakar gida ina goge gilashin walda, ina jin su a bakin ƙofa.

"Likitana, ka ci abinci kuwa?"

"Na ga fuskarki, na ƙoshi."

"Wannan ƙaryar ita kake sayar wa marasa lafiya?"

"Su da kuɗinsu. Ke kaɗai nake ba kyauta, hasken idona."

"To hasken idonka ta ce ka rage surutu, Baba na ji."

Ina ji kuwa. Duk dariyar da ta yi sai in ce madalla, ƙusa ta ƙara shiga. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina jikin wa take shiga ba.

A wata na huɗu na dawo gida na ji ƙanshin sukari a wuta. Uwata ta sauko da farantin mamanta daga saman kabad, ta wanke tsatsar, ta sayo garin kifi da kanta.

"So nake ya ɗanɗana hannun Mama," ta ce. "Tunda bai same ta ba."

Ina kallo ta miƙa masa a ƙaramin faranti. Taurari shida, ja da rawaya. Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ɗago ya dube ta.

"Wa... wa ke yin irin wannan?"

"Mamana. Shekara goma sha shida. Ci mana, halal ce, da kifi ake yi."

Ya ci. Ban taɓa ganin mutum ya haɗiye alewa kamar tsakuwa ba sai ranar.

Washegari tun ban kunna inji ba sai ga shi. Ya durƙusa cikin ƙurar ƙarfe da farin wandonsa.

"Baba, ni ne. Saƙon nan na alewa... ni na yi shi."

Na yi kamar ban gane ba, na bar shi ya zazzage. Ya ce lokacin yana ɗan shekara ashirin da biyu, sabon shiga kemis, ya karanta rabin bayani a waya ya ga dama ce ta a san da shi. Alewar ma a hannun ɗan yayarsa ya karɓa, bai san mai yin ta ba. Ya ce bayan sati ɗaya maigidansa ya zaunar da shi ya nuna masa jalatin iri iri ne, sai an bincika kafin a yanke hukunci. Ya yi wani saƙon ya janye maganar, ya nemi gafara.

"Wa ya ji na biyun?" na ce.

Ya sunkuyar da kai. "Ba wanda ya tura shi gaba, Baba."

Yana kuka, gilashin ya yi hazo. "Yau zan gaya mata. In ta kore ni, hakkinta ne."

Nan na ga aikina zai lalace. In ya faɗa da bakinsa, na san 'yata, zuciyar mamanta gare ta. Za ta yi kuka sati biyu ta yafe.

Na dafa kafaɗarsa. "Kada ka soma. Yarinyar nan ba ta gama warkewa ba. Ni ubanta ne, na san lokacin da zan gaya mata a hankali. Ka yi mini alkawari bakinka alaikum."

"Baba, nauyin zai..."

"Alkawari na ce."

Ya yi. Har godiya ya yi mini, ya ce bai taɓa ganin mai haƙuri irina ba.

Ranar da danginsa suka zo tsayar da ranar aure, falo ya cika. Kawunsa, yayyensa biyu, ƙanena, da ƙanwar matata wadda Uwata ke kira Inna. Na ce a kira yarinyar da yaron, ina da magana. Ta shigo da sabon mayafi, tana kallon ƙasa tana murmushi.

Na ajiye gwangwanin madara a tsakiyar tabarma. Na ɗora wayata a kai. Na kunna.

Gyaran murya sau biyu. "Jama'a, ku saurare ni da kunnen basira..."

Murmushin bai gushe nan take ba. Sai da aka zo wurin tauraro. Ta ɗago ta dube shi.

"Likitana... muryarka ce?"

"Tawa ce."

"Ka san mamana ce?"

Ni na amsa. "Ya sani. Tun ranar da kika ba shi alewa ya sani. Wata uku yana zuwa yana ce miki hasken ido, bai faɗa ba."

Ya juyo ya dube ni. Na jira ya ce ni na hana shi, na ma shirya ƙaryata shi a gaban kawunsa. Ya dubi Uwata, ya sake dubana, ya rufe baki. Bai faɗa ba.

"Haka ne?" ta ce.

"Haka ne. Ki yafe mini."

Ta cire zoben da ya ba ta, ta ajiye a kan gwangwanin, ta shige ɗaki. Kawun ya fara ba da haƙuri. Na zazzage takardun buhu a gabansa, na ce ya karanta tunda su masu ilimi ne, kifi ne ko alade. Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya manta takalminsa ƙafa ɗaya, ya juyo zai ɗauka yana tangaɗi, sai da yayansa ya riƙe shi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ranar na ci abinci har da ƙari.

Kwana huɗu ba ta fito ba. A na biyar ta same ni a tsakar gida da hantsi, idanu a kumbure.

"Baba, saƙon nan kullum kana jin sa."

"Ina ji."

"Shekara uku."

"E."

"To ba yadda za a yi ya zauna a gabanka ya buɗe baki ka kasa gane shi. Yaushe ka gane?"

Ni ban iya kwana-kwana ba. "Ranar farko."

Ta dafa bango. "Ranar farko ai ban yi nisa ba, Baba. Da ka ce mini shi ne, da kuka ɗaya zan yi."

"Da bai ji zafi ba."

"Shi ya sa ka bar ni na yi nisa? Don ya ji zafi?" Ta ƙura mini ido ta ce, "Mutumin da na sani ba ya iya riƙe magana kwana biyu. Wa ya rufe masa baki?"

Ta dubi fuskata. Nan ta ga amsar.

"Uwata, mamanki na rama wa."

"Shi da rashin sani ya yi wa Mama," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi. "Ni kuwa da saninka ka yi mini."

Da azahar Inna ta zo da mota. Uwata ta ɗauki akwati ɗaya da farantin taurari. Gwangwanin madara ta bar mini.

Shekara biyu ke nan. Inna ta ce yaron ya je gidanta sau uku, Uwata ta ƙi fitowa. Ta ce har gobe tana son sa, amma in ya yi gyaran murya mamanta take gani kwance. Wasu ma sun zo, masu hali, duk ta mayar da su. Yaron ya sayar da kemis ɗin ya bar unguwar. Duk farkon wata wani kan kawo kwalbar maganin ido wurin aiki, ba suna. Suna nan jere a taga, ban buɗe ko ɗaya ba.

Uwata kuma duk sati takan kira ni, don tana da tarbiyya. Ta tambayi aiki, ta tambayi ido. Minti biyu, ba ta wucewa.

In na ce "Uwata," sai ta yi shiru har sai na kira ta da sunan yanka.