Ruwan Zafi a Bakin Rami

Tun da hantsi Hudu da matarsa Mero suka bar birnin Greensboro a mota, suka hau duwatsun yamma kallon tsofaffin garuruwan masu haƙar ma'adinai. Magariba ta riske su can sama, kusa da wani rami da aka toshe bakinsa da katako. Mero ta ce a tsaya a yi salla.

Hudu ya ɗauko filas, ya tuttular da sauran shayin mai zafi a ƙasa don ya ɗebo ruwan alwala a rafi.

"Malam, ko bisimilla ba ka yi ba!" in ji Mero.

Ya yi dariya. "Haba, nan Amurka ce. Wa zai ƙone?"

Bai rufe baki ba kaset ɗin da ke tashi a motar ya ɗauke. Daga gefen ramin wani tsohon Bature ya fito, da fitila a goshin hularsa. Yana tafe kan tsakuwa, amma ba a jin takunsa.

Hudu ya gaishe shi da Turanci. Tsohon sai matsowa yake yi. Rabin fuskarsa ya saluɓe, tururi na tashi daga gemunsa, yana ƙamshin citta da kanumfarin da Mero ta zuba a shayin da safe.

Ya tsaya dab da su, ya ce da Hausa tsantsa:

"Hudu, a gida haka aka koya maka?"