An Ga Auta A Layin Likita

Auta na gaban madubi tana gyara soson da take cusawa a ɓangaren hagu na rigar mamanta, sai ga Mama ta turo ƙofa ba sallama, waya a hannu.

"Ke, wa ya gan ki a asibiti?"

Auta ta juyo daga madubin. Tun tana 'yar sakandare nononta na hagu ya tsaya da girma, na dama ya yi gaba abinsa, har ta kai ba rigar da ke zama mata daidai. Daga ita sai Mama suka sani. Ta gama jami'a ta kama aikin banki, kullum cikin mayafi mai kauri ko ana zafin dafa ƙwai, abokan aiki na kiranta ustaziya. Da aka sa ranarta da Dogo, malamin lissafin da ya nace har ta so shi, Mama ta matsa a yi tiyata a ɓoye kafin biki.

"Ba wanda ya gan ni, Mama."

"To yayar Dogo ta gan ki zaune a layin likitan nono. Yanzu uwarsu ta kira ni, wai a ɗaga biki. Cewa suke cutar kansa gare ki muka rufe musu."

Auta ta zauna bakin gado. "Sai mu faɗa musu gaskiya."

"Wace gaskiyar? Dangin miji su riƙa auna ƙirjinki da ido har ki tsufa? Na ce musu ƙawarki kika raka. Ki tsaya a kan haka."

Mama tana son 'yarta, wannan ba musu, amma tsoron bakin mutane ya fi ƙarfinta. Auta kuwa maganar likita ce ke yi mata yawo a kai: ana iya rage babban ko a ƙara ƙaramin, amma tabo zai zauna, kuma shayarwa na iya ba da wahala. Ta yaya za a ɓoye wa miji tabo? Kiran Dogo ya yi ta shigowa tana kallon wayar, ta kasa ɗagawa. Tsoro take ya ji ya gudu, tsoro take kuma ta yi ƙarya ya zauna.

Washegari da ta tashi aiki ta same shi jingine da katangar banki, ƙurar alli a hannun rigarsa, idanunsa jawur.

"Auta, ko kansar ce na ji na gani. Na faɗa wa Hajiya, na faɗa wa Yaya. Ki dai daina ɓoye mini."

Ƙaryar Mama na kan harshenta, a shirye tsaf. Ta dubi yadda ya zabge, sai kunya ta rufe ta.

"Ba kansa ba ce," ta ce. "Halitta ce. Ɗaya ya fi ɗaya girma, sosai. Gyara na je nema don kada ka gani ka tsane ni."

Ya ƙura mata ido. Motoci na wucewa, ita kuwa tana jin kamar ana zare mata rai da ɗai-ɗai. Can ya sulale ya tsuguna, ya rufe fuska da tafukansa.

"Wato ba mutuwa za ki yi ba?"

"A'a."

"Alhamdu lillahi. Ke Auta, ba ki da tausayi. Ni ina can ina kuka gaban ɗalibai, ashe..." Dariya ta ƙwace masa tare da hawaye. "In don ni ne, ki bar jikinki ya huta. In don ke ne, ki bari a ɗaura, ni zan kai ki."

Da yamma ya je gida. Hajiyarsa da yayarsa suka tsare shi, to me Auta ta je yi asibiti?

"Lafiyarta ƙalau, daga bakinta na ji. Sauran kuma tsakanina da matata ne."

Yaya ta yi juyin duniya, bai ƙara ko kalma ba. Hajiya ta san ɗanta ba ya ƙarya, ta ce a bar rana yadda take.

Bayan biki da 'yan watanni Auta ta zaɓi a yi aikin, don ta gaji da ciwon kafaɗa da ɓuya. Dogo ne zaune a ƙofar ɗakin tiyata, Mama a gefensa tana jan carbi, ta kasa haɗa ido da shi.

"Ɗana, da ta bi tawa, da na kashe auren nan da hannuna."

Gaskiya ta faɗa. Abin da Allah ya halitta ba abin kunya ba ne, kuma wanda ke sonka zai iya ɗaukar gaskiyarka komai nauyinta. Ƙarya ce ba ya iya ɗauka.